Ya Ce Yana Azumi

Litinin, 25 ga Maris, 1991, bayan magariba

Zafin yau ko dalbejiyar ƙofar asibiti ta sallama. Ina shirin rufe ɗakin hoto in gudu gida sai ga nas ta leƙo, wai ɗan'uwana yana waje, sa ya buge shi. Na ce ni ba ni da ɗan'uwan da ke wasa da shanu. Ina fitowa na ga Kashim a kan benci, ya dafe haƙarƙarin hagu yana yi mini murmushi.

Kashim ƙanena ne, ko da yake ba ciki ɗaya ba, ba kuma addini ɗaya ba. A gidan mahaifinsa a Bulabulin muka yi haya lokacin Baba yana akawu, ni na riƙa jan hannunsa zuwa firamare yana kuka da majina. Yanzu ya zama magidanci, yana lodin shanu a Kasuwar Shanu a ƙarƙashin surukinsa, Alhaji Babakura. Tun da iyayensa suka rasu Alhajin ne ubansa, shi ne ubangidansa, shi ne kuma uban matarsa Bintu. Su ukun suka zo.

Wai da hantsi suna loda tirelar da za ta tafi Kudu, wani san kuri, irin shanun bakin tafki, mai ƙaho kamar tulu ya juyo ya matse shi da jikin mota. Aka kai shi gida ya kwanta. Sai da la'asar Alhaji ya je dubiya, ya ga gumin da yake yi, ya ce a taho.

"Ya Phoebe, ki faɗa musu ba komai. San ma ya fi ni jin jiki."

"Rufe mini baki, hau gado."

Hoton ƙashi ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage. Awon jini lafiya, zuciya da ɗan sauri. Na shafa masa mai na ɗora kan injin sikanin a cikinsa. Injin namu na duba masu ciki ne, da lallashi yake nuna sauran abubuwa. Ban ga jini kwance a cikin ba, amma iskar hanji ta tare mini wajen saifa. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba: babbar jijiyar da ke bi ta bayan hanta tana mai da jini zuciya. A jikin mai lafiya a cike take. Tasa ta lotse kamar tiyon da aka kashe wa famfo. Abu biyu ke kawo haka, ko jini yana zuba a wani wuri, ko jiki ya bushe da ƙishi. Tun da aka fara azumin nan kuwa, duk wanda na duba da yamma sai in ga tasa ta ɗan lotse, ko da yake ba kamar wannan ba.

Na ce, "Ka sha wani abu yau?"

Alhaji na tsaye a kansa da carbi, Bintu na bakin ƙofa ta ja lafaya ta rufe rabin fuska. Kashim ya ce, "Haba Yaya. Ina azumi."

Alhaji ya ce, "Wannan yaron? Ko wuta ce ta kama shi ba zai karya ba."

To shi ke nan, ƙishi ne. Na ce a ƙara masa ruwa ya kwana a nan. Alhaji ya ce saura ƙiris a kira salla, a bar shi ya kai azuminsa ya sha ruwa a gidansa. Ban ja ba. Na rubuta magani, na ce su dawo da safe in sake dubawa. Mama ta ce gobe za ta dama masa kunun gyaɗa.

Talata, 26 ga Maris, da hantsi

Yana tiyata.

Talata, da yamma

Ya tashi sahur ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki. A bayan a-kori-kura suka kawo shi, jikinsa sanyi ƙalau, ba a ma samun awon jinin. Dakta Pindar, babban likitan fiɗa, bai jira hoto ba. Saifa ce. Tun jiya take yoyo a cikin fatarta, da asuba ta fashe. An cire ta.

Neman jini ne ya so ya haukata ni. Mutanen Kasuwar Shanu sun cika baranda, mahauta da dillalai, kowa ya naɗe hannun riga. Amma duk da azumi a bakinsu, ga wannan rana. Na farko da aka ɗiba ya sume, na biyu ma haka, sai masu ɗakin jini suka ce sauran su dawo bayan shan ruwa. Wa zai jira magariba? Mama ce ta ɗaura ɗankwali ta shiga tasi, ta dawo da samarin coci guda huɗu. Ni ma na kwanta aka ɗibi nawa.

Da ya fito yana wanke hannu, Dakta Pindar ya ce, "Wa ya duba shi jiya?"

"Ni ce."

"Me kika gani?"

Na faɗa masa komai, har jijiyar.

"Yana azumi?"

"Ya ce yana azumi."

Ya gyaɗa kai. "A wannan zafin? Ni ma haka zan ce."

Ya faɗa ne don hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba.

Alhamis, 28 ga Maris, da safe

Ya farka sosai. Abin da ya fara tambaya wai an loda san ko ba a loda ba. Na ce tuni ya isa Kudu, wataƙila ma an yi farfesu da shi. Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi. Na gaya masa jinin Kiristoci biyar ke yawo a jikinsa, kada ya yi mamaki in ya tashi da waƙar coci a bakinsa. Ya ce shi dai kada a gaya wa Alhaji.

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Sai dai ledar fitsarin da ke rataye a gefen gadon. Tun jiya ba ta tara abin kirki ba. Ba na son kallonta, kuma duk shigar da zan yi ita nake fara kallo.

Juma'a, 29 ga Maris, da yamma

An yi sujadar tunawa da mutuwar Yesu. Na je na zauna. Bakina ya ƙi waƙa.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan coci

Ista. Mama ta yi shinkafa da kaza, ban iya ci ba, ta yi fushi, na bar ta da fushinta na koma asibiti.

Dakta Pindar ya kira mu ofis, ni da Alhaji. Ƙoda ce. Ta daɗe ba jini a daren Litinin ɗin, ta tsaya. Wani lokaci takan farfaɗo da kanta cikin mako biyu ko uku, wani lokaci ba ta farfaɗowa. Injin wankin ƙoda babu shi a garin nan, sai Legas. Alhaji ya ce a faɗi ranar tafiya kawai, sauran nasa ne. Dakta ya ce a yadda yake yanzu ko Damaturu ba zai kai ba. Sai jira.

Tunda ruwa ba ya fita, ba za a bar shi ya shiga ba. Ɗan kofi ɗaya aka yanka masa a yini, a watan da rana ke fasa kwalta. Yana kallon ƙanƙarar da masu jinya ke shigowa da ita gab da magariba, ba ya cewa komai.

Bintu ba ta yi mini magana. In na shigo sai ta sunkuyar da kai, in na gaishe ta sai ta amsa wa ƙasa. Ba na ganin laifinta. Ni ce na ce su tafi gida.

Talata, 2 ga Afrilu, da la'asar

Na tura shi ɗakin hoto na sake dubawa. Jijiyar yanzu ta cika ta kumbura, ko motsi ba ta yi in ya ja numfashi. Ruwa ya yi masa yawa. Ya juyo da kai yana leƙen gilashin injin, wai in nuna masa inda kunun Mama ya tsaya.

Akwai abin da nake yi kwanan nan da ban gaya wa kowa ba. Kullum da la'asar sai in kamo duk mai azumin da na samu, masu tura gado, mai gadi, nas biyu, har mai sayar da goro a ƙofa, in kwantar da su in duba jijiyarsu. Suna tsammani bincike nake na karatu. So nake in ga guda ɗaya, ɗaya tak, da ta lotse kamar ta Kashim ranar nan. Duk sun ɗan lotse. Babu wadda ta kai tasa.

Amma ai ya ce yana azumi.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da yamma

Na ɗaga wa dattijo murya yau, kuma ina jin kunyar abin. Alhaji ya zo da galan cike da rubutu daga wani malaminsa na Konduga, wai a riƙa ba shi safe da yamma. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, "Likita, ayar Allah ce." Na ce ko mene ne, ruwa ne, kuma ruwan zai taru a huhunsa. Alhaji ya dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon wanda aka ƙwace wa abu na ƙarshe da ke hannunsa.

Na sassauta. Na ce, "Baba Alhaji, a cika ɗan kofin nasa da rubutun maimakon ruwa. Sauran a shafa masa a jiki."

Ya ce, "Wushe, na gode 'yata. Haka za a yi."

Da ya fita Kashim ya ce, "Kin ga abin da kika ja mini? Ɗan ruwan nawa ma yanzu sai da tawada." Leɓensa duk ya tsage, amma bakin bai mutu ba.

Asabar, 6 ga Afrilu, da safe

Ba fitsari.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da rana

Matan zumuntar coci sun zo gida sun yi addu'a. Ɗaya ta ce mini kada in ɗauki aikin asibiti in sa a rai, haka aikin ya gada. Na tashi na shiga ɗaki kafin in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Ba fitsari.

Litinin, 8 ga Afrilu, bayan magariba

In ban rubuta ba ba zan iya zama ba.

Da la'asar maza sun fita salla, Bintu ta je wanke kwanuka a famfo. Ni kaɗai ce a gefensa. Fuskarsa ta kumbura, idanun sun ƙanƙance, shaƙuwa ta hana shi sakat. Ya yafito ni.

"Yaya, zan gaya miki wata magana, amma ta tsaya a nan."

"Ina ji."

"Ana ta lissafa mini azumin da zan rama daga ranar Talata. Ba daga Talata ba ne. Daga Litinin ne."

Ban gane ba da farko. Ya ce da aka kai shi gida ranar, wani irin ƙishi ya taso masa wanda bai taɓa jin irinsa ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya daure har azahar, ya kasa. Ya sha ruwan randa, moɗa bayan moɗa, kamar ana zuba wa rairayi. Ya sha har cikinsa ya yi nauyi, ƙishin bai tafi ba.

"Na tambaye ka, Kashim. A kan gadon nan na tambaye ka."

"Haba Yaya, Alhaji fa na tsaye a kaina. Da wane bakin?"

Ya ɗan yi murmushi, irin na yaron da aka kama da hannu a tukunya. Shi a wurinsa maganar ta kunya ce kawai, tsakaninsa da surukinsa da Ubangijinsa. Ya ce, "Ai a wajenku likitoci ba wani abu ba ne, ko?"

Na ce, "Ba wani abu ba ne. Kwanta ka huta."

Na tafi ɗakin hoto na kulle ƙofa. Mutumin da ya cika cikinsa da ruwa, jijiyarsa kuma ta lotse haka, ba ƙishin azumi ke damunsa ba. Ƙishin ma kansa alama ce ta jini na zuba. Da na ji kalma ɗaya daga wannan, da ko Alhaji zai kira mini duk dillalan Borno ba zan bar Kashim ya fita ƙofar asibiti ba. Da an buɗe shi a daren, ƙodarsa lafiya lau.

Talata, 9 ga Afrilu, da safe

Na kwana ina fushi. Da Kashim, da kunyarsa ta banza. Da Alhaji, da carbinsa da yabonsa. Da san. Da injin da ba ya gani ta cikin iska. Da gari ya waye duk fushin ya dawo gida.

A gidansu na girma. Na san Kashim ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa ranar da ba azumi ma. Ba ya kama sunansa, ba ya zama a kan kujera in yana wurin, in suka haɗu a hanya takalmi yake cirewa. Baturen likita ne zai yi wa mutum irin wannan tambaya a gaban surukinsa ya karɓi amsar, ba ni ba. Abin da ya rage mini ranar in ce, Baba Alhaji, ɗan ba mu wuri. Ban faɗa ba don ina jin nauyin dattijon, don na gaji, don ina son in tafi gida. Ni ma kunyar ce ta kama ni, ba shi kaɗai ba.

Na gaya wa Dakta Pindar ba tare da na ce wa ya faɗa mini ba. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi. Ya ce daga yau duk wanda aka kawo da rauni a fitar da 'yan rakiya kafin a tambaye shi komai. To. Daga yau.

Laraba, 10 ga Afrilu, da yamma

Ya fara sambatu. Rabi Kanuri rabi Hausa, yana ta kiran a ja igiya, a rufe ƙofar mota. Ya gane ni sau ɗaya, ya ce in ce wa Mama ya gode. Bintu ta rame kamar ita ce mai ciwon. Nas ta ce ko shan ruwa aka yi ba ta cin komai, sai ta kurɓi kunu ta ajiye.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ya Ubangiji, ƙodar nan taka ce. Ka taɓa ta.

Juma'a, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Da hantsi ya cika. Alhaji na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni na rufe masa ido, ni na cire robobin, ban bar nas ta taɓa ba.

An kai shi bayan an sauko daga masallaci. Kowa sai faɗi yake ya dace, Juma'a ce, kuma goman ƙarshe. Na tsaya a soron gidan da na yi wasa a cikinsa ina kallon makara tana fita. Ban yi kuka a can ba. Sai da na dawo na ga Mama zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa.

Lahadi, 14 ga Afrilu, da yamma

Sadakar uku. Na durƙusa na gai da Alhaji a ƙarƙashin rumfa. Ya tsufa a kwana biyu. Ya juya ga mutanen da ke kan tabarma ya nuna ni, ya ce wannan ita ce yayarsa, da jininta ta ba shi. Sannan ya ce, "Ga ta nan, ku tambaye ta. Ranar da sa ya fasa masa ciki, saifa a fashe, yaron nan bai karya azuminsa ba. A gabana ta tambaye shi." Muryarsa ta karye. Mutane suka ɗauki kabbara.

Wannan labarin ne ke riƙe da shi, na gani a fuskarsa. Na ce, "Allah ya jiƙansa, Baba." Suka ce amin.

Talata, 16 ga Afrilu

Salla. Ina aiki. An kawo yaran da suka faɗi a babur, na kori iyayensu waje har wata uwa ta zage ni.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da la'asar

Mama ta yi tuwo da miyar kuka ta ce in kai wa Bintu, wai ko daga hannuna za ta ci. Na ce daga hannuna ne ma ba za ta ci ba. Mama ta ce in tafi dai.

Na same ta a ɗakin takaba ita kaɗai, matan sun fita alwala. Na ajiye kwanon na yi gaisuwa zan tashi, na riga na shirya wa shirun nata. Sai ta kama bakin zanena.

"Ya Likita, zauna. Tun ranar nake son in tambaye ki, in na ga fuskarki sai in kasa."

Na zauna. Na ce a raina, yau za ta faɗa mini abin da na cancanta.

"Ranar da aka kawo shi gida, ya sha ruwa."

"Na sani. Ya gaya mini."

"Bai gaya miki wa ya ba shi ba." Ta matse zanen a hannunta. "Ni ce. Tun ina yarinya nake ji ana cewa ba a ba wanda ya ji rauni ruwa, jini yake tsinka masa. Na sani, wallahi na sani. Amma yana ta roƙona, Bintu ki taimake ni, Bintu ki taimake ni. Na ɗebo na ba shi, ya ce in ƙara, na ƙara. Ke kika ga cikinsa da injin. Don girman Allah ki faɗa mini gaskiya. Ruwan nan ne ya fasa masa saifa?"

Ashe duk makonnin nan da take sunkuyar da kai ba ni take tuhuma ba.

Na ce, "Ba ruwan ba ne, Bintu. Sa ne ya fasa ta tun a kasuwa. Ruwan bai ƙara masa komai ba."

"Ki rantse."

"Na rantse da Allahn da ya yi ni da ke."

Ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ban ji ta yi ba ko ranar Juma'a. Na bar ta har ta gama. Ta ɗago ta share fuska da bakin lafaya, ta yi ajiyar zuciya, har ta jawo kwanon ta buɗe. Sai ta tsaya.

"Da kika tambaye shi a ɗakin hoto, saura kaɗan in yi magana. Na ga Baba, na haɗiye. To ai ko da na faɗa, ba abin da zai sake, ko?"

Na tura mata kwanon, na ce ta ci kafin ya huce.

Ta daɗe tana kallona kafin ta sa hannu.